Uwar Kwalba da Littattafan Zuci

Shekara ashirin da shida ta yi tana riƙe da makullin ɗakin gwaje-gwaje na makarantar 'yan mata, kuma a tsawon wannan lokaci babu ɗalibar da ta taɓa ganin haƙorinta a cikinsa. 'Yan mata suka laƙaba mata Uwar Kwalba, wai don ta fi tausayin kwalaben gwaji a kan 'ya'yan mutane. Ta san da sunan, ba ta kuma musa ba. Cewa take yi ɗan mutum idan ya faɗi yakan tashi ya karkaɗe jikinsa, kwalba kuwa sai dai a kawo tsintsiya.

Da shara ta fara, tana goye da ɗanta na fari. Karatunta bai wuce firamare ba, amma babu rubutun da ke gagarar ta, har na likita, in ji mijinta. Wata rana mai kula da ɗakin na lokacin ya bar gas a buɗe ya tafi hira, ita ce ta ji wari tana share baranda, ta shiga ta rufe, ta bubbuɗe tagogi. Aka sallame shi, aka miƙa mata makulli. Tun daga ranar ta ƙulla a ranta cewa duk wata ɓarna daga hannu take farawa, maganinta kuwa shi ne kada a bar hannu ya taɓa.

Ɗakin dogo ne, tebura shida, kowanne da famfo da murhun gas da wurin mutum huɗu. A jikin bango akwai kabad uku masu ƙofar gilashi, a nan 'ya'yanta na gaskiya suke jere, manya a baya, ƙanana a gaba. Wanki uku take yi wa kowace kwalba, na sabulu, na ruwan famfo, sannan na tataccen ruwa, ta kife ta a kan katako har ta bushe don kanta. Idan ana darasi, a bayan ɗaki take tsayawa, hannu ɗaya a ƙugu, tsumma a kafaɗa, idonta a kan yatsun yara.

Ba ta sha wahala ba, domin Allah ya haɗa ta da malamin da ya dace da ita. Malam A-rubuta ake kiransa, saboda kalmar da ta fi fita daga bakinsa ke nan. Shi kaɗai yake tsayawa a gaba ya haɗa gwaji, 'yan mata na nesa sun goya hannu a baya kamar masu kallon gawa, in ya gama ya ce, "A rubuta." Sai ya shiga shifta musu abin da suka gani. Akwai ranar da ruwan ya ƙi canja launi, ya tsaya fari fat, Malam ya dube shi ya dubi littafi ya ce, "A rubuta, ruwan ya koma ja." Suka rubuta. A ƙarshen shekara da yawansu sukan ci jarrabawa, Uwar Kwalba kuma takan ce wannan shi ne ilimi mai tsafta.

'Ya'yanta biyar. Huɗu sun kama gabansu, babu wanda ya bi kimiyya. Sai Auta, wadda ta kai ajin ƙarshe a makarantar da uwarta take aiki. Burin Uwar Kwalba guda ne a duniya, Auta ta shiga makarantar koyon jinya, ta sa farin kaya, a ce 'yar mai wanke kwalba ce. Ƙofar shiga kuwa ɗaya ce, sai an ci jarrabawar gwaji ta ƙarshen shekara, wadda ɗaliba za ta tsaya ita kaɗai awa biyu da kayan aiki a gabanta. Mijinta tela ne, mai yawan zolaya, yakan ce tun Auta ba ta yaye ba aka auna mata rigar asibiti.

A wannan shekarar ce aka ƙara wa Malam A-rubuta girma aka mai da shi ofis, aka kawo wata matashiya ta karɓi ajin. Siririya ce, muryarta ba ta da ƙarfi, ga ta da yawan sannu. Uwar Kwalba ta dube ta sama da ƙasa sau ɗaya ta sa mata suna 'Yar Jiya.

Ranar farko 'Yar Jiya ta ce, "Mama, don Allah a buɗe mana kabad duka ukun. Yau kowa za ta riƙe da hannunta."

"Kowa?"

"Kowa, Mama."

"'Yata, akwai kwalbar da ta girme ki a kabad ɗin can. Ba don an ba yara ita ta kai yau da rai ba."

"To yau sai su gaisa," in ji malamar, tana murmushi. "Shugaba ya amince."

A makon farko kwalba huɗu suka fashe. Uwar Kwalba ta share su da ƙarfi, tana buga tsintsiya a ƙafar tebur don kowa ya ji. Amma fashewar kwalba ba ita ta fi ƙona mata rai ba. 'Yar Jiya ta raba yaran biyu-biyu, ta kuma ba kowacce ɗan ƙaramin littafi, ta ce sunansa littafin zuci. Minti goma na ƙarshen kowane darasi kowa za ta rubuta abu uku: me na yi, me na ji a raina, kuma wannan jin me zai sa in gwada. Ta yi musu alkawari babu mai karantawa sai ita. Ta ce tsoro da haushi da ƙyama ba shara ba ne da za a bari a bakin ƙofa, kayan aiki ne kamar ma'auni, in mutum ya iya riƙe su.

Uwar Kwalba ta yi tsaki daga bayan ɗaki. Asid dai ba ya tambayar abin da ke ran mutum kafin ya ƙona shi, mai gyaran jarrabawa ma haka.

Ɗakin ya cika da surutu da tarkace. Wata da warin banɗakin makaranta ya dame ta ta zo da gawayi a gwangwani tana gwada ko zai shanye wari. Abokiyar aikin Auta, wata mai tsawo da ake kira Doguwa, haushin ruwan gidansu mai laka ya sa ta jera yashi da tsakuwa da auduga a gorar roba, ta tace shi har ya yi garau, 'yan mata suka yi ta tafi. Auta kuwa, wadda tun tana ƙarama ba a ba ta ko kofin gilashi ta riƙe, ta naɗe maƙalin shanya da robar taya ta yi abin riƙe kwalba mai zafi. Uban ne ya ɗinka masa 'yar riga da ƙyallen da ya rage, yana cewa ai ga likita ta fara ƙera kayan aikinta.

A gida Auta ta zama mai baki. Yarinyar da sai an tambaye ta sau biyu take amsawa, yanzu ita ce da magana a kan tabarma, Malama ta ce, ni da Doguwa mun yi, gobe za mu gwada. Uban yana jin daɗi. Uwar kuwa haushi take ji, kuma gaskiyar magana ba don jarrabawa kaɗai ba. Shekara goma sha bakwai tana rainon yarinya ba ta taɓa samun wannan bakin ba, wata ta zo a wata uku ta buɗe shi. Wannan ba ta faɗa wa kowa ba, har kanta.

Da aka yi gwajin tsakiyar shekara makin Auta ya ɗan yi ƙasa. Uwar Kwalba ta ɗauki takardar ta ajiye a kan keken ɗinkin mijinta.

"Ga sakamakon tafi da gawayi."

"Ai ba ta faɗi ba," in ji shi. "Ɗinki ma idan mutum ya fara yanka da kansa, sai ya ɓata yadi ɗaya ko biyu."

"Yadinka ne. Wannan 'yata ce."

"Da rabona a ciki dai, ko hannun riga ne."

Ba ta yi dariya ba. Abin da babba ya hango, ta ce, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

'Yar Jiya tana da ilimi, amma ba ta san mutane ba. Littattafan zuci ashirin da huɗu, a ina take ajiye su? A kabad na uku, a ƙasa, wanda makullinsa ke ɗaure a bakin zanin Uwar Kwalba. An ba kura ajiyar nama ke nan. Wata Alhamis bayan an tashi, Uwar Kwalba ta gama wanki, ta goge hannu, ta jawo kujera. Na Auta ta fara nema.

Yawancin shafukan maganar launi ne da zafi da dariyar da suka yi da Doguwa. Sai ta kai wani shafi: "Yau na ɗiga asid da hannuna har ruwan ya canja launi. Hannuna bai yi rawa ba saboda Umma ta fita. Idan tana tsaye a bayana ji nake kamar numfashina ma zai fasa wani abu. Ina son Umma, amma na fi iya komai idan ba ta nan. Zan roƙi Malama ta mai da ni teburin bayan ginshiƙi inda ba ta hango ni."

Ta ɗaga kai ta dubi ginshiƙin. Wata biyu ke nan da aka mai da Auta can, ita kuma ta ɗauka don haske ne. Kalmomi ukun nan na cikin shafin, "Ina son Umma," waɗanda wata uwar za ta riƙe har ta mutu, ta tsallake su kamar ba a rubuta ba. Abin da ta gani kawai shi ne an zaunar da 'yarta an koya mata ta kai ƙarar uwarta a takarda. Ranta ya ɓaci ƙwarai. Ta sa littafin a jakarta, ta buɗe sauran ɗaya bayan ɗaya, tana neman wanda ya fi muni, ta kuwa samu.

Ranar Asabar aka yi taron iyaye a babban zaure. Bayan an gama maganar rufin da ke yoyo, Uwar Kwalba ta miƙe da ƙunshi a hannu ta nemi izini. Shugaban makarantar, mutum ne da ya fi tsoron hayaniya a kan komai, ya ce ta yi a taƙaice.

"Ni ba malama ba ce," ta ce, "amma uwa ce kamar ku. Kun turo yara su koyi kimiyya. Bari ku ji abin da ake sa su rubutawa. Ba zan faɗi suna ba."

'Yar Jiya ta miƙe tsaye da ta gane littattafan. "Mama, don girman Allah kada ki karanta. Amana ce."

"Amanar wa? Mu da muka haife su ba mu cancanci ji ba?"

Zauren ya ɗauki guna-guni, aka ce a karanta. Ta ɗora babban yatsa a kan sunan da ke bangon littafin, a zatonta hakan ya isa sutura. Ta karanta na wadda ta ce tana tsoron wutar gas tun ranar da yayanta ya jefi mahaifiyarsu da fitila. Ta karanta na wadda ta ce ba ta iya mai da hankali ranar da ba a ɗora tukunya a gidansu ba. Sannan ta ɗauko wanda ta ajiye don ƙarshe, na Doguwa: "Warin sinadarin yau ya tayar mini da hankali, domin irinsa ne a bakin Babana idan ya dawo gida yana tangaɗi, ya zauna kusa da randar nan tamu mai laka yana zagin kowa."

Babu mahaifin da ke zauren da bai ji labarin gorar tace ruwa ba, har shugaba ya taɓa yabon ta a taro. Kawuna suka juya wajen wani mutum a layi na uku, mai sayar da kayan gini, wanda ya zo da wankakkiyar riga. Ya daɗe yana kallon ƙasa. Sannan ya tashi ya fita, matarsa na biye da shi tana jan mayafi a fuska. Magana zarar bunu ce, Uwar Kwalba ma ta ɗan ji kamar ta wuce gona da iri, amma iyaye sun riga sun tashi da faɗa, kuma duk a kan 'Yar Jiya suke yi, sai ta ɗauki hakan a matsayin shaida cewa ta yi daidai.

Kafin Litinin an soke littafin zuci. Aka mai da 'Yar Jiya ƙananan ajujuwa, aka roƙi Malam A-rubuta ya dawo ya ƙarasa shekarar. Doguwa ba ta zo ranar Litinin ba, ba ta zo Talata ba, ba ta sake zuwa ba. An ce uban ya rantse ba za ta ƙara taka makarantar da ake koya wa 'ya ta tona asirin ubanta ba.

Da 'Yar Jiya ta zo kwashe kayanta, ta tarar da Uwar Kwalba tana zubar da gwangwanayen gawayi a kwandon shara. Yau babu sannu.

"Laifina ne, Mama," ta ce. "Na ga furfura na ɗauka ajiya ta samu wuri."

"Ki haifi naki ki koya musu zagin iyaye."

"Littattafai ashirin da uku kika ɗora a teburin shugaba. Yarana ashirin da huɗu ne. Kina zaton ba su iya ƙirga ba?"

"Ni dai na san ba a cin jarrabawa da kuka."

"Ba a ci. Amma Auta hannunta ya daina rawa. Ke da kike kallon yatsu kullum, ban san yadda ba ki gani ba."

Ta ɗauki jakarta ta fita, Uwar Kwalba ta bi bayanta da tsaki ta ci gaba da aikinta.

Yaran sun iya ƙirga. Babu wadda ta zagi Auta, babu wadda ta taɓa ta. Kawai idan ta zauna a benci, sai a matsa. Idan ta yi sallama, sai a amsa wa bango. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, ita kuwa Auta ko rataya ba ta yi ba, 'yar mai makulli ce kawai da aka rufa wa asiri ita kaɗai.

A gida, da yamma, Uwar Kwalba na hura wuta, Auta ta zo ta tsaya a kanta.

"Umma, ba ni littafina."

Ta ɗauko daga jaka ta miƙa mata.

"Kin karanta?"

"Na karanta. Da kika ce kin fi iyawa in ba na nan."

"Shi kaɗai kika gani?"

"Shi ya ishe ni."

Auta ta dubi littafin da ke hannunta. "Doguwa ma aikin jinya take so," ta ce. "Ta fi ni ƙoƙari."

"Kowa ta ji da 'yarta. Don ke na yi."

"To."

Ta sunkuya ta tura littafin cikin murhu, ta tsaya har ya cinye, ta shige ɗaki. Uban yana bakin kekensa yana ji, ranar bai sami abin zolaya ba. Ya ce kawai, "Kin yi aika-aika," ita kuma ta ce ya jira sakamako.

Wata uku aka yi ana shifta. Kabad suka koma rufe, ɗakin ya koma tsit, babu ko tsagewa ɗaya. Auta tana goya hannu a baya tare da kowa, tana rubutu mai kyau, ta haddace duk abin da aka ba ta. A gwajin ƙarshe na takarda makinta ya haura fiye da da. Uwar Kwalba ta sake ajiye takarda a kan keken ɗinki, wannan karon ta bar takardar ta yi magana. A kan tabarma kuwa an koma cin abinci shiru.

Ranar jarrabawar gwaji Uwar Kwalba ta iso tun da sassafe. Ta jera wa kowace ɗaliba kayanta a wurinta, doguwar kwalba mai famfo, 'yan kwalabe uku, mazurari, da ruwan sinadari kala biyu. Na Auta ta sake gogewa. Doka ta hana ta zama a ciki tun da 'yarta na rubutawa, amma da ta so za ta iya tsayawa a taga. Ba ta tsaya ba. Ta tafi can bakin ƙofar makaranta ta zauna a bencin maigadi, inda ko rufin ɗakin ba a hangowa. A ranta tana cewa, to ga shi ba na nan, sai ki nuna mana iyawar. Ita a ganinta kyauta ce ta yi wa yarinyar, kuma babba.

Bayan awa biyu 'yan mata suka fito suna yarfe hannu, wasu da tabon ja a riga. Auta ta fito ita kaɗai a ƙarshe. Ta zo daidai benci ta ce, "Sannu da aiki, Umma," ta wuce gida ba ta jira amsa ba.

Uwar Kwalba ta ɗauki bahon wanki ta shiga. Tebura sun yi kaca-kaca, ruwa ya zube, wata ta fasa mazurari, wata ta bar famfo yana ɗiga. Ta bi su tana kwashewa tana mita har ta kai wurin Auta, sai ta tsaya. Doguwar kwalbar tana tsaye a bushe. 'Yan kwalaben uku suna kife kamar yadda ta kife su. Ko murfin sinadarin ba a murɗa ba.

Mai sa ido a jarrabawar, wata dattijuwa baƙuwa da aka turo daga wata makaranta, tana ɗaure takardu a gaba. Ta ɗago ta ce, "Ke ce mai kula da nan? Yarinyar wurin nan ta ba ni tausayi. Suna da lamba kawai ta rubuta. Sau uku ina zuwa ina ce mata ta fara, lokaci na tafiya. Na tambaye ta ko ba ta da lafiya ne, ta ce lafiyarta ƙalau, kayan uwarta ne, ba ta son ta ɓata mata su. Ban gane me take nufi ba. Kin san uwar?"

Uwar Kwalba ta ciro doguwar kwalbar ta ɗaga ta wajen taga, ta juya ta a haske tana neman ko ɗigo ɗaya ne, ko shatin yatsa. Babu komai. Ta mai da ita kabad haka nan, ta koma bakin famfo ta fara wanke na 'ya'yan mutane.